Taken Baba da Nawa

Gidanmu gidan mahauta ne a Kwaya, kuma a zamanin da nake magana, zamanin Faransa, mahauci da dambe ba a raba su. In kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, an tone gyaɗa, sai samarin mahauta su ɗauki zarensu su shiga gari-gari, makaɗa a gaba. Babana ya yi wannan yawo shekara da shekaru, ya yi suna irin wanda in na faɗa wa yaran yanzu sai su ɗauka ƙari nake yi. Daga Kwaya zuwa Magariya, zuwa Dungas, har a tsallaka ƙasar Ingilishi wajen Ɓaɓura, ba filin da bai zubar da mutum ba. Ba dogo ba ne, ba shi da wani jiki na a zo a gani. Amma in ya naɗe hannun dama da zare ya shigo fili, ba ya jira, ba ya zagaye, kafin ka gama gyara tsayuwa ka ji ƙasa a bakinka. A dambe in hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka ke nan, haka muke faɗa, ko da ka tashi kana dariya.

Kowane ɗan dambe na kirki yana da take, wato kiɗan kalangu wanda nasa ne shi kaɗai, ba mai shiga cikinsa. Ana kaɗa masa shi in zai shiga fili, ana kaɗa masa in ya yi kisa. Wanda aka kashe kuwa, makaɗinsa sai ya yi shiru ya sauke kalangu. Saboda haka ko kana bayan gari kana kiwo, in ka ji ihu ya tashi, sai ka kasa kunne, kiɗan da ya biyo baya shi zai gaya maka wanda ya rage a tsaye. Taken babana, abin da kalangu ke cewa shi ne, “Wa ya aike ka, wa zai ɗauke ka?” Wanda ya yi masa shi makaɗinsa ne, abokinsa tun suna samari. Ba jininmu ɗaya ba, amma Baffa nake ce masa. Kuma take ba a saye, ba a roƙo. Makaɗi ne ke bayarwa, ranar da ya ga abin da ya motsa masa hannu.

Ni ne ɗan fari, ƙannena duk mata ne. Wanda ya san alkunyar mutanen da ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa ɗora ni a cinya ba, bai taɓa ce mini madalla ba. “Kai” yake ce mini, in ya so ya ce “ɗan nan”. Ko damben ma ba shi ya koya mini ba, a wajen yaransa na tsinta, bayan mahauta, in an gama fiɗa. Yana gani, bai hana ba, bai kuma ce uffan ba. Lokacin da gemu ya fara tsiro mini, shi kuma yanar ido ta fara rufe masa gani. Da fari yakan ga mutum kamar inuwa, daga baya rana kawai yake rarrabewa da dare. Ya ajiye zare, ya ajiye wuƙa, ya koma zaman zaure.

Ranar da na fara shiga fili ba ni da take, ina zan samo shi? Al'ada kuwa ta yarda ɗa ya shiga da taken ubansa muddin uban yana raye, har ya samu nasa. Sai Baffa ya matse kalangu a hammata ya saki taken Baba. Wallahi ban manta ba. Mutanen da ke can suna cinikin goro suka watsar suka sheƙo, tsofaffi suka miƙe, wani har da hawaye. Ni kuwa kaina ya kumbura, na ɗauka ni ake yi wa. Wanda na kara da shi ma kiɗan ne ya kashe shi, ni taɓa shi kawai na yi.

Kaka ta farko abin ya yi mini daɗi, ta biyu ma haka. Daga nan ya fara yi mini ɗaci. Dambena ba irin na Baba ba ne. Ni mai jinkiri ne, ina tsayawa in sha duka, in bar mutum ya yi ta zuba har numfashinsa ya fara fita da ƙara, sannan in nemi haƙarƙarinsa ko gefen kunne. Haka Allah ya yi ni, kuma ina kisa da shi. To amma kiɗan da ke bayana na mai sauri ne, mutane kuma kiɗan suke ji. In na yi kisa a turmin farko, sai a ce jinin uban ne. In na kai turmi na uku, wato zagayen ƙarshe, kafin in kashe, sai ka ji wani tsoho da ko akuya bai taɓa kayarwa ba yana cewa da uban ne da tuni an sha fura. In aka kashe ni kuwa, don an kashe ni ba sau ɗaya ba, ba mai cewa an kashe yaro, sai a ce an zubar da taken. Duka a jikina, suna a zaure.

A Dungas na taɓa zubar da wani ƙato da ya gagari samarin yankin, bayan ya fasa mini gira. Ina tsaye jini yana shiga mini ido, sai ga wata tsohuwa ta ratso mutane ta damƙa mini ƙullin goro, ta ce in kai wa babana, in ce ta gode, yau ta sake ganinsa. Na karɓa da hannu biyu na ce zai ji. Amma ranar ko tuwo ban iya ci ba. Har a aikin dole abin bai bar ni ba. Shekarar da aka kwashe mu gyaran hanyar mota, akwai wani gardi, dogarin Faransa, da ya san Baba, in zai kira ni in ɗauki kwandon tsakuwa, sai ya yi fito da taken. Kowa ya yi dariya, ni kuma in taso, don in ban taso ba bulala ce.

Duk inda za ni dambe, in dai jaki zai kai, da Baba nake tafiya. Shi ne zai riga ni shiri, ya sa rigarsa ta saƙi, ya zauna bakin zaure yana jiran in ɗaura wa jaki akumari. In mun isa, sai in nemi gindin itace nesa kaɗan da turmutsutsu, in shimfiɗa masa buzu, in ɗaure jakin kusa da shi. Ba ya son a zauna ana ba shi labarin abin da ke gudana, yakan ce surutu na toshe masa kunne. Da kunne yake kallo. In na yi kisa Baffa ya saki taken, ko daga tsakiyar fili ina hango Baba, hannunsa na dama yana tashi sama da kansa, yana rawa, kafaɗunsa suna tsuma. A hanyar komawa ba zai ce mini komai a kan damben ba. Abin da zai ce kawai, yau hannun Baffanka ya yi daɗi. Na san yabona ne yake yi ta inda alkunya ta bar masa hanya, amma a lokacin haushi yake ba ni. Ni aka fasa wa baki, hannun Baffa ne ya yi daɗi.

Wata rana muna dawowa daga wani ƙauye na yi ta maza na ce wa Baba ina son in samu take nawa. Ya yi dariya har da tari, ya ce me wannan ya yi, ya tsufa ne ko ya huje? Ya ce mutane nawa ne suka mutu suna neman a kaɗa musu rabinsa. Na tabbata kafin mu kai gida ya manta.

Ni ban manta ba. Na samu Baffa a gidansa yana ɗinke fatar kalangu, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ke cina. Na san ba a roƙo, amma zuciya ta kai ni. Na ce masa na kashe a Dungas, na kashe a Magariya, na kashe a ƙasar Ingilishi, yara da ba su kai ni ba kowa da takensa, ni kaɗai ne nake yawo da rigar aro. Ya yi mini kunnen uwar shegu, ya ci gaba da ɗinkinsa, har na fara tunanin tashi. Can ya ɗago ya ce, “Duk abin da ka lissafa ubanka ya yi shi. Ranar da ka yi abin da bai yi ba, hannuna zai sani.”

Abin da Baba bai yi ba guda ɗaya ne, duk ƙasar ta san shi. Akwai wani bahago a Mallawa, sa'ansa, wanda suka yi ta haɗuwa a zamaninsu ba wanda ya taɓa kai wani ƙasa. Baba yakan ce shi kaɗai ne mutumin da in ya tuna shi haƙarƙarinsa ke amsawa. Bahagon ya rasu da sauran ƙarfinsa, ya bar ɗa, shi ma bahago, shi ma ɗan dambe, kuma a lokacin ba wanda ake tsoro daga Mallawa zuwa iyaka kamarsa. Shi yana da takensa tun yana sabon shiga, domin taken mamaci da shi ake binne shi, dole makaɗa suka yi wa yaron sabo. Ina jin labarin nan sai in ji kishi ya tokare ni. Maraya nake yi wa kishi, ni da ubana ke zaune a zaure yana jiran in kawo masa fura.

Na ɗauka Baffa ya faɗi haka ne don ya rabu da ni. Duk da haka na sa abin a rai. Na nemi wani bahago a cikin masu fiɗa na garinmu, ba ɗan dambe ba ne amma yana da hannu, na riƙa ba shi tsire yana dukana da hagu bayan mahauta. Inna ta ga kumburin da nake shigowa da shi ba lokacin dambe ba, ta tambaye ni ko na haukace ne. Matata kuwa ta gaji da dafa ruwan gashi, ta ce in dai sai an kaɗa mini kalangu zan yi barci, ita za ta kaɗa mini ƙwarya.

Haɗuwar ta zo a Magariya, lokacin cinikin gyaɗa. A wannan lokaci garin ba masaka tsinke, buhuna jibge a bakin kantunan Turawa, kamyo, wato manyan motocin kaya, na shiga na fita, manoma sun sayar sun biya lanho, wato haraji, abin da ya rage yana ƙaiƙayi a aljihu. Sarkin fawan garin ne ya aika Kwaya ya aika Mallawa, ya ce abin da iyaye suka bari 'ya'ya su zo su ƙarasa. Da labari ya iso, na ji Baba yana tambayar Inna ko an wanke masa riga. Muka yi sammako, muka isa da rana tsaka. Na samu wata tsamiya a gefen fili, kusa da wata mai sayar da fura, na shimfiɗa masa buzu, na ɗaure jaki a saiwa inda hannunsa zai kai. Da zan tafi sai ya ce, “Kai, bahago ta inda kake ganin ba kowa yake shigowa.” Iyakar abin da ya taɓa koya mini a dambe ke nan.

Bayan la'asar aka buɗe fili. Mutane har kan katanga, har kan itatuwa, kumandan ma, Baturen da ke mulkin yankin, an kawo masa kujera ya zauna da hularsa. Yara suka yi nasu, matsakaita suka yi nasu, sannan aka share fili. Makaɗan Mallawa suka saki taken yaronsu ya shigo, dogo, baƙi, fuskarsa ba fushi ba dariya. Baffa ya saki taken Baba na shigo. Tsofaffin da suka ga iyayenmu suka yi ta kabbara, wani na ce wa wani yau an dawo da da.

Turmin farko ban san inda nake ba. Duk dukan da na sha a bayan mahauta wasan yara ne. Hannunsa yana fitowa ta inda ban ajiye ido ba, ya same ni a kunne, na ji kamar an rufe ni cikin tulu. Turmi na biyu ya fasa mini leɓe, ya sa mini ƙafa a cinya har ta mutu, na yi tangaɗi, hannuna ya kusa taɓa ƙasa, mutanen Mallawa har sun fara tashi. Allah ya tsayar da ni. Da aka raba mu, ina jin wasu a bayana suna cewa yaron nan zai zubar da taken a gaban kumandan. Amma ni na ji abin da nake jira. Da muka riƙe juna kafin a raba, numfashinsa yana fita da ƙara.

A turmi na uku ya shigo da niyyar gamawa. Na ba shi hanya, na ja baya, na sake ja, ya biyo ni yana zubawa, hannun yana ƙara nauyi. Ya kawo wani da dukan ƙarfinsa, na sunkuya ya wuce ta kaina, haƙarƙarinsa ya buɗe. Nan na sa masa. Ya tsaya kamar mai tunanin wani abu, sannan gwiwoyinsa suka naɗe, ya dafa ƙasa da hannu biyu.

Ihun da ya tashi ban taɓa jin irinsa ba. Makaɗan Mallawa suka sauke kalangu. Na juya wajen Baffa ina jiran abin da na saba ji, sai na ga ya tsaya, kansa a sunkuye, bai kaɗa komai ba. Can ya gyara kalangu a hammata ya fara wani kiɗa da ban taɓa ji ba, mai nauyi, mai ja da baya kafin ya faɗo. Ya zagaye ni da shi, ya ɗaga murya ya faɗi abin da kalangun ke cewa sau ɗaya don mutane su riƙe: “Bar shi ya gaji, ƙasa na jiransa.” In aka haifi sabon take a fili, duk makaɗin da ke wurin sai ya kama, haka ake yi. Yaran Baffa suka kama, makaɗan Magariya suka kama, har na Mallawa suka ɗaga nasu suka shiga. Gari ya ɗauka.

Ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba, ko ranar da aka haifa mini ɗa. Kuka nake yi, jini da hawaye suna haɗuwa a bakina. Kowa ya ruga cikin fili, aka ɗaga ni sama, ana jefo mini goro da huluna. Yaron Mallawa ya tashi ya ratso ya kama hannuna, ya ce ubansa ma da ya gani da ya yarda. Da ƙyar na samu aka sauke ni. Ban ko kwance zare ba na nufi tsamiya, ina ta shirya yadda zan tsaya a gaban Baba in yi shiru, in ji abin da zai ce a kan hannun Baffa yau.

Buzu na nan, Baba ba ya nan, jaki ba ya nan. Mai fura ta ce ai tsohon, da aka yi ihu, ya miƙe zaune, ya karkata kai yana saurare, hannunsa har ya fara tashi. Da kiɗa ya fara sai hannun ya koma cinya. Ya daɗe a haka, sannan ya lalubi igiya ya kwance jakinsa, ya hau, ya juya shi. Ta yi masa magana bai amsa ba, ita kuma ba ta san ko wane ne ba, ga masu saye sun taru.

Jakin ya san hanyar gida, saboda haka na san inda zan bi. Na bar kiɗana a baya ana ta yi, na fita gari da gudu da cinyar da ta mutu. Na hango shi can cikin gonakin da aka girbe, rana ta yi ƙasa, jaki na tafiya yadda ya ga dama, shi kuma ya dunƙule a kai kamar wanda zazzaɓi ya kama. Na cim masa na kama igiya. Ya san numfashina, bai tambayi ko wane ne ba.

Kafin in buɗe baki ya miƙo hannu ya lalubi kaina, ya shafa kunnen da ya kumbura, ya shafa leɓen. Tunda nake bai taɓa taɓa ni haka ba. Ya ce kada in sa abin a rai, shi ma uban yaron ya gagare shi, gidan nan hannunsu ba na mutane ba ne. Ya ce ya taho ne don kada in fito in same shi a gaban jama'a in ji kunya. Ya ce na kai turmi na uku, ya ƙirga, kuma ba kowa ke kai wa nan da bahago ba. Maganar da na yi shekaru ina jira daga bakinsa, sai ga ta tana fitowa a kan kisan da ba a yi mini ba.

Na ce, “Baba, ni na kashe shi.”

Ya ɗauke hannunsa. Ya ce to kiɗan wa aka yi? Shi ya kasa kunne har ƙarshe, ba a kaɗa nasa ba, ya ɗauka wani kiɗan murna ne na mutanen Mallawa.

Na ce, “Nawa ne. Baffa ya yi mini take.”

Muka tsaya a hanya, jaki na cin karan gefe. Daga nan ana jiyo kalangu daga gari sama-sama, in iska ta kawo. Ya juya kunnensa wajen, ya daɗe. Sannan ya ce in faɗa masa abin da yake cewa. Na faɗa. Ya ce in yi masa da baki yadda ake kaɗawa. Na yi, da fasasshen leɓena. Ya gyaɗa kai ya ce ya dace da ni, Baffa bai yi ƙarya ba. Ya sa yatsu a wuyan jaki yana gwadawa, ya kama farkon, amma kafin ya kai tsakiya yatsun sun zame sun koma nasa. Ya sake, suka sake komawa. Sai ya bari, ya ce mu tafi kada dare ya raba muna daji. Har muka isa Kwaya ina gaba da igiya ina kuka ba sauti, don kada ya ji.

Sai a hanyar nan na gane abin da ke gabana shekara da shekaru ban gani ba. Mutumin da ya ajiye zare ba a kaɗa masa take, don ba fili zai shiga ba. Tunda idonsa ya rufe, wuri ɗaya ya rage a duniya da Baba ke jin kiɗansa, shi ne bayana.

Da Baffa ya dawo na je na same shi. Na ce na gode, amma ya mai da ni kan na Baba, nawa ya jira. Ya ce ba a yi, wanda ya samu take ba ya sake shiga da na wani, ƙasa duka ta ji, ko shi ya yarda sauran makaɗa ba za su yarda ba. Na ce to ya zo gida ya kaɗa wa Baba a zaure, ko sau ɗaya a kaka. Ya ce in rufa masa asiri. Taken dambe ba kiɗan biki ba ne, in ya kaɗa shi jikin mutumin zai tashi, ya miƙe yana neman abokin karo, makaho, a gaban matarsa da jikokinsa, ba kowa a gabansa sai bango. Ya ce shi ba zai yi wa abokinsa haka ba. Raina ya ɓaci, na ce to da ya san haka me ya sa ya ba ni? Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce don me nake tsammani ya yi ta ja mini rai duk shekarun nan? Ya ce ya zaɓi abin da ya ɗauka ba zan iya ba, na je na iya, a gaban jama'a, shi kuma makaɗi ne, ba zai ga abin da ya gani ya riƙe hannunsa ba. Na rasa wanda zan yi fushi da shi, na tashi na fita.

Baba bai nuna mini komai ba. Masu zuwa barka suka yi ta cika zaure, yana amsawa, har yakan ce musu yaron ya yi abin da shi bai yi ba, in yana tsammanin ba na kusa. Amma abincinsa ya ragu, Inna ta lura, ni ma na lura. In na wuce ta zaure da rana sai in gan shi zaune, yatsunsa na motsi a gwiwa, ya fara ya tsaya, ya fara ya tsaya.

Ba a daɗe ba aka aiko daga wani gari kusa da mu, suna son su ga mai sabon take. Da safe na ɗaura wa jaki akumari, na ɗauko buzu, na jawo shi ƙofar zaure yadda na saba. Na tarar Baba bai sa rigar saƙi ba, yana zaune da tsohuwar taguwarsa. Na ce masa rana tana yi. Ya ce in matso. Na durƙusa a gabansa.

Ya ce, “Na yi ta koyo, ɗan nan, ya ƙi zama. In ihu ya tashi, kunnena nawa zai nema, in bai ji ba zuciyata za ta ce an kashe ka. Na ji wannan sau ɗaya, ba zan iya ji kullum ba. Je ka, in ka dawo ka faɗa mini.”

Na ce zan sa wani ya zauna kusa da shi ya riƙa gaya masa. Ya girgiza kai, ya ce in sauke wa dabba kaya. Na kwance akumarin, na mai da jaki turke, na ɗauki zarena na tafi ni kaɗai.